Daga Rumfar Mahauta Zuwa Dandalin Baƙi: Yadda Kasuwannin Kirsimeti Suka Sauya a Jamus

A watan Disamba, kafin ƙarfe huɗu da rabi na yamma duhu ya riga ya rufe birnin Dresden da ke gabashin Jamus. Sanyi na ratsa ƙashi, numfashin mutum na fita kamar hayaƙi. A irin wannan lokaci ne dandalin Altmarkt da ke tsakiyar gari yake cika maƙil. Rumfunan katako sama da 200 a jere, kowace da fitilu da rassan itatuwa a rufinta, ƙamshin kirfa da kanumfari da gasasshen nama ya gauraye iska, ga kuma wata hasumiyar katako mai hawa-hawa, tsayinta ya haura mita 14, tana juyawa a hankali da 'yan mutum-mutumi a kowane hawa. Sunan kasuwar Striezelmarkt, kuma mutanen garin suna ƙirga shekarunta daga 1434.

Wanda ya ga wannan a hoto zai ɗauka haka abin yake tun kaka da kakanni. Haka ma masu tallata yawon buɗe ido suke so a ɗauka. Amma in aka bi tarihin a hankali, za a ga kasuwar da aka kafa a 1434 ba ta yi kama da ta yau ba ko kaɗan, kuma akasarin abubuwan da ake kira gadon kakanni an sha rushe su ana sake ginawa. Sarakuna sun sa hannu, limaman coci sun sa, manyan 'yan kasuwa da 'yan siyasa ma haka, kowa da abin da yake nema.

Asalin abin buƙatar ciki ce. A Turai ta wancan zamani, makonnin da ke gabanin Kirsimeti, waɗanda Kiristoci ke kira Adbent, lokacin azumi ne irin nasu, ana ƙaurace wa nama da man shanu da sauran kayan maiƙo. Idan azumin ya zo ƙarshe kowane gida na son naman biki, ga kuma hunturu mai tsawo a gaba da ake buƙatar yi masa tanadi. A lokacin kuwa ba kowa ke da ikon kasa kaya a gari ba. Kowace sana'a na da ƙungiyarta, kuma mahautan cikin gari sun riƙe fawa gam, ba sa barin na ƙauye ya shigo. Sai mai sarauta ya ba da takardar izini kafin a buɗe kasuwa ga kowa. A 1384 Sarki Wenzel ya bai wa garin Bautzen irin wannan izini, cewa daga ƙarshen Satumba har zuwa Kirsimeti, kowace Asabar, duk mahaucin da ya ga dama ya kawo namansa ya sayar. Izinin da Friedrich na biyu, mai mulkin Saxony, yankin da Dresden take, ya bai wa Dresden a 1434 na yini ɗaya ne tak gab da bikin, shi ma saboda nama. Birnin Vienna na Ostiriya ya samu izinin cin kasuwar Disamba tun ƙarshen ƙarni na 13, an kuma ambaci ta Frankfurt a rubuce a 1393. Duk wanda ya san yadda kasuwa ke ɗinkewa ranar jajibirin sallah, magidanci na ɗauke da cefane, mata na neman kayan miya, yara na jan rigar uwa, ya fahimci ruhin waɗannan kasuwanni na farko fiye da baƙon da ke ɗaukar hoto a cikinsu yau.

Shi ya sa gardamar da garuruwan Jamus ke yi kan wacce ce kasuwar Kirsimeti mafi daɗewa ba ta taɓa ƙarewa. Kowa na da takardarsa, amma takardun suna maganar kasuwar nama ne ko ta kayan hunturu, wadda daga baya ta rikiɗe.

Sunan kasuwar Dresden ma daga abinci ya samo asali. Striezel tsohon suna ne na wani burodi da yanzu aka fi sani da Stollen. A farkon lamari burodin azumi ne, gari da yis da ruwa da ɗan man ganye, babu wani armashi. Sarakunan Saxony suka kai kuka ga Fafaroma a Rum cewa a sassauta musu, aka daɗe ana jeka-ka-dawo, sai a 1491 Fafaroma Innocent na takwas ya aiko da wasiƙar da ta halatta sa man shanu, bisa sharaɗin a riƙa biyan wani abu da za a sa a ginin cocin Freiberg. Daga nan Stollen ya fara nauyi, aka ƙara masa busasshen inabi da ɓawon lemo, aka lulluɓe shi da garin sukari fari fat. Wannan ɗan labari ya nuna yadda addini da mulki da kuɗi suka cuɗe a sha'anin tun daga tushe.

Babban sauyi na farko ya zo ne da rabuwar coci. Kafin Martin Luther, malamin coci Bajamushe da ya ɓalle daga Katolika a ƙarni na 16, ranar da ake yi wa yara kyauta ita ce 6 ga Disamba, ranar tunawa da waliyyi Nikolas, kuma kasuwannin kayan yara suna ci ne gabanin wannan rana. Luther da mabiyansa ba su yarda da girmama waliyyai irin yadda Katolika ke yi ba, don haka suka mayar da kyautar zuwa daren Kirsimeti, suka ce Christkind ne ke kawo ta, wato Almasihu yana jariri. A Strasbourg, wadda yau take cikin Faransa, abin ya faru ƙiri-ƙiri. A 1570 wani mai wa'azi, Johann Flinner, ya hau mumbari ya caccaki kasuwar Nikolas, majalisar gari ta soke ta. Sai dai soke kasuwa ba ya soke buƙatar 'yan kasuwa, don haka aka ba su izinin cin wata 'yan kwanaki kafin Kirsimeti da sabon suna, Christkindelsmärik, sunan da take amsawa har gobe. Matsar da ranar kyauta ya matsar da ranar ciniki, kuma tun daga lokacin kayan wasan yara da kayan zaƙi da kyandir suka fara ture nama gefe.

Nuremberg, wadda kasuwarta ta fi kowace suna a duniya, hujjarta mafi tsufa 'yar ƙarama ce. Wani akwatin katako ne da bai wuce tafin hannu biyu ba, an zana masa furanni, a ƙarƙashinsa an rubuta cewa wata mata ce ta aika wa wata da shi lokacin kasuwar 1628. Yana ajiye a gidan tarihi na birnin. Wani lissafi na 1737 ya nuna mutum 140 ne ke da izinin sayar da kaya, kuma kusan duk sana'o'in garin suna ciki. Abin da ya ɗaga Nuremberg shi ne zamanta a mahaɗar hanyoyin fatauci. Citta da kirfa da kanumfari suna isowa daga Gabas ta Venice, dazuzzukan da ke kewaye da garin kuma cike suke da masu kiwon zuma. Haɗuwar biyun ta haifi Lebkuchen, wainar zuma da kayan ƙamshi wadda ke daɗewa ba ta lalace ba.

Ɓangaren da ya fi taɓa ni a wannan tarihi shi ne na masu sassaƙa. Kudu da Dresden, a kan iyaka da ƙasar Cek, akwai tsaunukan Erzgebirge, inda aka shafe ɗaruruwan shekaru ana haƙar azurfa da kuza. Da ma'adinan suka fara ƙarewa, iyalai a ƙauyuka irin su Seiffen suka rasa abin yi, ga ƙasar ba ta noma sosai, ga sanyi. Abin da suke da shi a yalwace itace ne. Sai suka koma sassaƙa da fenti, miji da mata da yara a ɗaki ɗaya, a ɗora kayan a kai Dresden. In ka dubi abin da suke ƙerawa da kyau, rayuwarsu ce a ciki. Akwai wani baka na katako ko ƙarfe da ake jera wa kyandirori a ajiye a taga, suna kiransa Schwibbogen. Mai haƙar ma'adini a hunturu yana shiga rami kafin gari ya waye, ya fito bayan duhu ya yi, sai ya yi makonni bai sa rana a ido ba. Hasken da ke taga nasa ne. Akwai kuma mutum-mutumin fasa ƙwaya, mai manyan haƙora da fuska a murtuke, wanda kusan kullum sarki ne ko soja ko ɗan sanda. Talaka ya sassaƙa mai mulkinsa ya sa shi aikin fasa masa ƙwaya da baki. Shi kuwa mutum-mutumin da ake sa wa turare a ciki hayaƙi na fita ta bakinsa, yawanci talaka ne, makiyayi ko mai gandun daji ko ɗan koli, yana zaune da lofensa cikin kwanciyar hankali.

A Dresden akwai wani ɗan tsana da ake yi da busassun 'ya'yan itace baƙaƙe, a soke su a tsinke, a sa masa doguwar hula da ɗan tsani a kafaɗa. Sunansa Pflaumentoffel, kuma yau ana sayensa a matsayin alamar sa'a. Siffar yaran da ake turawa cikin bututun hayaƙi su share ce, yawancinsu marayu, saboda jikinsu ne kaɗai zai iya shiga. A ƙarni na 19 'ya'yan talakawa ne ke tallarsa a faranti rataye a wuya, cikin ƙanƙara, har dare, sai a 1910 aka hana yara wannan talla. Duk wanda ya taɓa ganin yarinya da farantin gyaɗa a tasha bayan isha'i ya san irin yaran da ake magana a kai. Kyan da kasuwar ke da shi a yau bai kamata ya sa a manta da su ba.

A ƙarshen ƙarni na 19 kasuwannin sun kusa mutuwa, kuma wannan ne abin da ba a cika faɗa ba. Masana'antu sun bunƙasa, manyan kantuna masu hawa-hawa da gilasai sun buɗe a tsakiyar birane, masu hali suka koma can. Kasuwar Kirsimeti ta zama ta ma'aikata da talakawa, wurin kaya masu araha da hayaniya. Masu kantuna ba sa son kishiya a ƙofarsu, 'yan sanda na kukan cunkoso, sai hukumomi suka fara korar rumfunan zuwa bayan gari. Hakan ta faru a Balin kafin ƙarnin ya ƙare. A Nuremberg an tashi kasuwar daga babban dandali a 1898, ta yi ta yawo daga wannan lungu zuwa wancan tana ƙanƙancewa.

Waɗanda suka dawo da ita tsakiyar gari 'yan Nazi ne. A 1933, shekarar da Hitler ya hau mulki, magajin garin Nuremberg Willy Liebel ya mayar da kasuwar babban dandali, wanda a lokacin aka sauya wa suna zuwa na Hitler, aka kuma ƙirƙiro bikin buɗewa da wata 'yar wasa sanye da kayan mala'ika. Balin ta bi sahu a shekara mai zuwa. Manufarsu a fili take. Suna son nuna Kirsimeti a matsayin bikin ƙabilar Jamusawa, su rage masa launin coci, su fifita kayan ƙirar gida, su kuma motsa ciniki bayan shekarun talauci. Tsarin rumfuna iri ɗaya, ado iri ɗaya, tantance abin da za a sayar da wanda ba za a sayar ba, da yawa daga cikin wannan a lokacin ya kafu. Shi kansa dandalin yana da nasa tabon da ya girmi wannan. A nan unguwar Yahudawa take kafin a rushe ta a kashe ɗaruruwan mazaunanta a 1349, kuma cocin Frauenkirche da ake buɗe kasuwar daga barandarsa an gina shi ne a gurbin wurin ibadarsu.

Yaƙin duniya na biyu ya dakatar da komai. Da aka sake buɗe kasuwar Nuremberg a 1948, a tsakiyar kufai aka yi, gine-ginen da ke kewaye duk bama-bamai sun rusa su. Aka rubuta sabon jawabin buɗewa, aka bar siffar bikin. Ana iya tambaya, me ya sa ba a watsar da abin da 'yan Nazi suka tsara ba? A ganina amsar tana wurin mutanen da suka tsaya a wannan dandali cikin yunwa da makoki. Suna buƙatar wani abu da zai ce musu rayuwa za ta ci gaba, kuma kasuwar ta girmi Hitler da ɗaruruwan shekaru. Sun karɓe ta daga hannun waɗanda suka yi amfani da ita. Abin da ya wajaba shi ne a riƙa faɗin tarihin yadda yake, kada a tsallake waɗannan shekaru.

Tun 1969 ake zaɓen wata budurwa 'yar garin, mai shekara 16 zuwa 19, ta riƙe matsayin Christkind, mai kawo wa yara kyauta, wanda a nan ake nuna shi da siffar mala'ika, na shekara biyu. Ranar Juma'ar da ke gabanin Lahadin farko ta Adbent, da yamma, ana kashe fitilun dandalin gaba ɗaya, dubban mutane su yi tsit cikin duhu, sai haske ya faɗa kan barandar coci, ga ta nan da kambi da doguwar riga mai ruwan zinariya, ta buɗe hannuwa ta karanta jawabin. A 2019 aka zaɓi yarinyar da mahaifinta ɗan asalin Indiya ne. Wani reshe na jam'iyyar AfD mai ƙyamar baƙi ya yi mata shaguɓe a Facebook, jama'a suka yi musu ca har suka goge, magajin gari ya fito ya tsaya mata. Ta yi shekarunta biyu. Gardamar ko ta wane ne wannan al'ada ba ta mutu ba, kuma a wannan karon garin ya ba da amsar da ta dace.

Yawaitar kasuwannin da ake gani yanzu sabon abu ne. Daga shekarun 1970 zuwa 1990, da mutane suka samu kuɗi da motoci da hutu, kowane gari ya ga akwai riba. Munich ta mayar da tata dandalin Marienplatz a 1972. Strasbourg ta naɗa wa kanta laƙabin babban birnin Kirsimeti a 1992. Yau a Jamus kaɗai ana cin sama da 2,500 a kowace shekara, ta Nuremberg kuma na karɓar baƙi kimanin miliyan biyu cikin mako huɗu. Abin ya tsallaka iyaka, yawanci ta hanyar ƙawancen birane. Lincoln a Ingila ta fara a 1982, Shikago a Amurka ta kwaikwayi Nuremberg a 1996, Birmingham ta gayyato 'yan kasuwar Frankfurt, Sapporo a Japan ta ɗauko salon Munich a 2002, a ƙasar da Kiristoci 'yan tsiraru ne.

Da wannan bunƙasa abin da ke riƙe kasuwar ya sauya. Kaɗan ne ke zuwa cefane. Ana zuwa ne a ci, a sha, a haɗu da abokan aiki bayan an tashi. Rumfar da ta fi ciniki ita ce ta Glühwein, giyar inabi da ake dafawa da kirfa da kanumfari da lemo, sai ta naman da ake niƙawa a ɗura a hanji a gasa, wanda galibi na alade ne. Musulmin da ke zaune a can, da duk wanda ba ya shan giya, yakan nemi Kinderpunsch, ruwan 'ya'yan itace mai zafi da kayan ƙamshi, ya haɗa da almon da aka soya da sukari kamar gyaɗa. Ba a ba da abin sha a kofin roba. Kofin tangaran ne mai ɗauke da sunan gari da shekara, za ka biya jinginar 'yan Yuro a kansa, in ka mayar a ba ka kuɗinka, kamar yadda ake yi da kwalbar lemo a da. Da yawa ba sa mayarwa, sun saye shi ke nan a matsayin tsaraba.

Matsalar ita ce mai sayar da abin sha yana iya biyan kuɗin rumfa mai tsada, mai sassaƙa kuwa ba ya iyawa. Mutum-mutumi ɗaya na hannu yana cin kwanaki, farashinsa ya ninka na kwaikwayon da ake shigowa da shi daga masana'antun Asiya sau da yawa, baƙon da ke sauri kuma ba lallai ya bambance ba. Masu sana'ar Erzgebirge sun fito da tambarinsu don kare aikinsu. Nuremberg na tantance kayan da za a kasa, har ado na roba ba ta yarda da shi a rumfuna ba. Strasbourg ta fitar da jerin kayan da aka hana a 2022, aka yi ta ce-ce-ku-ce. Ina tare da garuruwan da ke sassauta wa mai sana'ar hannu kuɗin rumfa su ɗora wa mai giya, domin in aka bar kuɗi kaɗai ya yi zaɓi, kasuwar Dresden da ta Shikago za su zama abu ɗaya, ƙauyukan da suka rayu da wannan sana'a kuma su rasa mai gadonta.

Sai maganar tsaro, wadda ta sauya fuskar kasuwannin tun daga 2016. Ranar 19 ga Disamba 2016 wani ya kutsa da babbar mota cikin kasuwar Breitscheidplatz a Balin, mutum 12 suka mutu, na 13 ya cika bayan shekaru sakamakon raunukansa, ƙungiyar IS ta ce ita ta sa. Ranar 11 ga Disamba 2018 ɗan bindiga ya kashe mutum biyar a Strasbourg, cikinsu har da wani Musulmi ɗan asalin Afganistan da ya fito da iyalinsa. Ranar 20 ga Disamba 2024 wani likita ɗan asalin Saudiyya, wanda ya yi suna wajen sukar Musulunci, ya bi ta kan jama'a da mota a Magdeburg, mutum shida suka rasu, ɗaruruwa suka jikkata. Makasan sun sha bamban a aƙida, waɗanda aka kashe kuwa mutane ne da suka fito shan iska da 'ya'yansu. Yanzu sai ka ratsa tubalan kankare da shingayen ƙarfe da 'yan sanda masu bindiga kafin ka kai ga rumfar farko, kuma kuɗin wannan tsaro yana neman fin ƙarfin ƙananan garuruwa. Annobar korona ta ƙara nata. Nuremberg da Dresden ba su ci kasuwa ba a 2020 da 2021, masu sana'ar da ke samun akasarin kuɗin shekararsu a waɗannan makonni suka shiga halin ni 'yasu, wasu ba su dawo ba.

Akwai kuma wadda yawan masoya ya kashe. Kasuwar Lincoln da ta fara da rumfuna 11 ta kai ga tara mutum sama da 300,000 cikin kwana huɗu a 2022, a tsofaffin lunguna masu hawa da gangara da ba a yi su don irin wannan taro ba. A 2023 majalisar garin ta soke ta saboda gudun turmutsitsi, bayan shekara 40 ana yi. Mazauna garin da 'yan kasuwa sun yi ƙorafi, wasu sun sa hannu a takardar koke, amma hukuncin ya tsaya.

A Dresden ana rufe kasuwa ranar 24 ga Disamba da ƙarfe biyu na rana. Masu rumfuna su kwashe abin da ya rage, dandalin ya yi fayau, kowa ya nufi gida domin daren na iyali ne. A Seiffen kuwa hutun ba ya daɗewa. Itacen da za a sassaƙa sai ya bushe sosai kafin a taɓa shi, fenti na son lokaci, don haka tun cikin Janairu injinan juya katako suke komawa aiki saboda Disamba mai zuwa.